Jagorar Malamin Kemistiri: A Fara da Abin da Ido Ya Gani

Akwai tambayar da nake yi wa 'yan aji biyu na babbar sakandare duk lokacin da na karɓi sabon aji. Nakan ce wani ya fito ya rubuta abin da ke faruwa idan asid ya haɗu da alkali (na kwalba nake nufi, ba na kotu ba, shi wancan da ƙugiya ake rubuta shi). Kafin in rufe baki an rubuta HCl + NaOH → NaCl + H₂O, babu kuskure ko na ɗigo. Sai in ce, to madalla, me ya sa Inna ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa? Wata daga baya ta ce, "Malam, don ta kashe tsami mana." In ce, to me ya haɗa wannan da abin da ke kan allo? Sai aji ya yi tsit, kamar ruwa ya cinye su. Alhali miyar Inna da rubutun allon 'yan gida ɗaya ne.

Laifin namu ne, don mu muka fara musu karatun daga wutsiya. A 1982 wani malamin kemistiri na Jami'ar Glasgow, Alex Johnstone, ya yi bayanin da har yau ake kafa hujja da shi, cewa kowane darasi na wannan fanni fuska uku gare shi. Akwai abin da ido ke gani, hanci ke shaƙa, hannu ke ji: launi, kumfa, wari, zafi. Akwai ƙwayoyin da ba a gani, su atam da molakul da ayon, waɗanda motsinsu ne ke haifar da abin da aka gani. Sannan akwai alamomi da lissafin da muke cika allo da su. Gwanin malami yana tsallake-tsallake tsakanin ukun nan cikin jimla guda, bai ma san yana yi ba. Yaro kuwa a ta ukun aka jefa shi kai tsaye, sai ya yi abin da ya iya, wato hadda. Karatun aku ke nan, ranar jarrabawa da an ɗan murɗa tambaya ya zube.

Wannan jagora ta sabon malami ce, ko ɗan bautar ƙasa da aka tura makarantar da ta shekara babu malamin kimiyya, ko wanda ya gama NCE jiya aka miƙa masa alli yau.

Mataki na farko: buɗe ɗakin gwaji ka ga abin da ka gada

Kafin ka tsara darasi ko guda, karɓi mabuɗin ɗakin gwaje-gwaje ka bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Marasa suna ka ware su ka kulle. Kada ka shinshina, kada ka tuttular a kwata. Masu suna ma a duba su da kyau. Soda mai cin hannu, NaOH, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, tana zuƙar danshi da iskar CO₂, don haka idan murfinta ya kwana a sake har damina ta wuce, awon da za ka yi da ita ba zai zo daidai ba. AgNO₃, sinadarin azurfa da ake gwada kulorayid da shi, haske ke lalata ta, shi ya sa take zama a kwalba mai duhu. Ruwan FeSO₄ mai kore-kore kuwa iska ke mayar da shi ruwan ƙasa, sai a haɗa shi ranar da za a yi aiki da shi.

Abin da ya fi kunyata malamai shi ne ruwa. Na rijiya da na burtsatse sukan ɗauko gishirin kalsiyam da kulorayid daga ƙasa. Ka haɗa samfuri da shi, yara su ɗiga AgNO₃, komai ya yi fari, su rubuta sun gano kulorayid inda babu shi. Tataccen ruwa ake so. Masu cajin batir na sayarwa, amma ka gwada shi da takardar litmas da ɗigon AgNO₃ kafin ka amince. In ya gagara, ruwan saman da aka tara a roba mai tsabta a fili, bayan ruwan farko ya wanke ƙura, ya fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Kayan da za ka nema ba su da yawa: ƙaramin sikeli mai batir irin na masu sayar da zinari, sababbin sirinji babu allura, kwalaben maganin ɗigon ido da aka wanke tas, gorunan lemo na roba, bokitin ruwa da na yashi. Dokoki uku kuma ka kafa tun ranar farko, tun ran gini ran zane. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, don zafin da ke tashi kan sa ya fantsamo a fuska. Ba a zuƙar fifet, wato siririn bututun gilashi na ɗiban ruwa da awo, da baki, ko da haka aka koya maka. Sirinji da guntun tiyo sun isa su ja ruwan. Gefen hijabi da hannun riga mai faɗi kuma a cusa su cikin rigar aiki kafin a kunna wuta.

Mataki na biyu: makon farko, bar allo ya huta

Sayi zobo busasshe, jiƙa shi a ruwan zafi babu sukari babu kayan ƙamshi, ka tace, ka sirka da ruwa har ya yi haske, domin shi kansa zobon tsami gare shi, in ya yi kauri sai ya danne sakamakon. Jera kofuna masu haske a kan tebur: ruwan lemun tsami, ruwan tsamiya, nono da aka tace, tataccen ruwa, ruwan kanwa, ruwan toka, ruwan garin sabulun wanki.

Kada ka zuba tukuna. Kowane yaro ya fara rubuta abin da yake tsammani zai faru, da dalilinsa. Wannan ɗan jinkirin shi ne rabin darasin, don wanda ya yi hasashe ya saka kansa a ciki, yana jira ya ga ko ya ci ko ya faɗi. Sannan a zuba. A masu tsami zobon zai ƙara ja, a kanwa da toka da sabulu ya koma kore mai duhu. Yanzu ka ce su raba kofunan gida biyu da kansu, su faɗi abin da ya haɗa 'yan kowane gida. Sai sun gama wannan za ka ba su sunayen: waɗannan asid, waɗancan alkali, zobo kuma manuni. Ruwa ba ya tsami banza. Na lemo sitirik asid ne ya tsamar da shi, na tsamiya tatarik, na nono laktik.

Daga nan ɗauki kofin lemun da ya yi ja ka riƙa ɗiga masa ruwan kanwa. Kumfa za ta taso, launin ya yi ta sauyawa har ya tsallaka. Miyar Inna ce a gabansu. Ruwan zobon ba ya kwana da yawa kafin ya lalace, don haka tsoma farar takarda a ciki, a shanya a inuwa, a yayyanka, kowa ya tafi gida da tasa ya gwada abu biyar ya kawo rahoto.

Washegari kanwa, uwar gami, ta sake yi maka aiki. Zuba ruwan lemun tsami kaɗan a gorar lemo ta roba, ƙunsa garin kanwa da bai wuce giram 2 ba a 'yar takarda, ka maƙale ta a wuyan gorar, ka rufe gam, ka auna. Girgiza su haɗu, ka sake aunawa: nauyi na nan yadda yake. Kwance murfin, iska ta yi fit ta fita, ka auna na uku: ya ragu. Yara sun ga da idonsu cewa iska nauyi gare ta, kuma babu abin da ya ɓace, wuri kawai ya sauya. Kada ka yi wannan gwajin da balan-balan a bakin gorar. Na taɓa yi a gaban aji, balan-balan ta kumbura, iskar ɗakin ta tallafe ta, sikeli ya nuna ragi, na tsaya ina inda-inda ina kare dokar da gwajina ya ƙaryata.

Mataki na uku: tarkon da ke cikin harshe

Jarrabawa da Turanci ake yin ta, amma yaronka da Hausa yake tunani, kuma akwai wuraren da harsunan biyu ba su yanka abu a gaɓa ɗaya ba. Babba a cikinsu ita ce kalmar narkewa. Ƙanƙara ta narke, man shanu ya narke, sukari ya narke a shayi: mu kalma ɗaya muke faɗa, kemistiri kuwa abubuwa biyu yake gani. Na farko abu guda ne zafi ya mayar da shi ruwa-ruwa. Na biyu abu biyu ne, ƙwayoyin ɗaya suka bazu a tsakanin na ɗayan. Gishiri ya isa hujja: cikin ruwan randa mai sanyi yana narkewa nan take, amma kafin zafi kaɗai ya narkar da shi sai ya kai digiri 801. Ni nakan ce musu "narkewar wuta" da "narkewar jiƙo", sannan in ɗora kowace a kan kalmarta ta Turanci.

Haka gishiri: a gida ɗaya ne, a aji dangi ne guda, har da masu guba. Haka iska, wadda ke nufin wadda muke shaƙa, da mai kaɗawa, da kowane irin gas. Haka ƙarfi: yaro zai ce asid mai ƙarfi yana nufin mai kauri, alhali ƙarfin asid yawan rabuwarsa zuwa ayon ne, kauri kuwa yawansa cikin ruwa. Ka yi bayani da Hausa har sai ka ga idanu sun waye, kada ka ji kunyar haka. Amma kafin a tashi kowa ya rubuta abin da ya gane cikin jimla biyu na Turanci, don mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai karanta zuciyarsa ba.

Mataki na huɗu: ƙwayoyi tukuna, alama daga baya

Yanzu ka shigar da su duniyar da ba a gani. Auna mil 50 (mililita ke nan) na ruwa da mil 50 na sifirit, ka haɗa. Ba za su cika 100 ba, za su tsaya wajen 96 ko 97. Ina sauran ya tafi? Bar su su yi gardama, sannan ka juye mudun gero cikin mudun gyada a gabansu: ba ya ba da mudu biyu, geron ya shige ramukan. Ka gaya musu misali ne kawai, don ƙwayoyin ruwa da na sifirit har jan juna suke yi, abin da gero da gyada ba sa yi. Kowane misali yana da inda ya tsaya, kuma malamin da bai nuna iyakar misalinsa ba ya shuka sabon kuskure ne a gurbin tsohon.

Ka sa su zane. Da'irori a cikin akwati: ƙanƙara, ruwa, tururi, gishiri kafin ya shiga ruwa da bayan ya shiga. Zane na tona abin da hadda ke rufewa. Za ka ga wanda ya zana ƙwayoyin tururi sun kumbura sun fi na ruwa girma, da wanda ya raba H da O da zarar ruwa ya tafasa. Ƙwallayen yumɓu da tsinken tsintsiya sun isa a gina siffar ruwa, da CH₄, da NH₃.

Daidaita lissafin haɗuwa kuma da murafun kwalba ake fara shi. Ja ya zama oksijin, fari haidirojin. A jera H₂ da O₂ a hagu, a ce su gina H₂O a dama ba tare da murfi ko ɗaya ya yi saura ko an aro daga waje ba. Da hannunsu za su gano sai an kawo H₂ biyu. Wanda ya yi wannan ba zai ƙara sauya ƙaramar lambar ƙasa don neman sauƙi ba, musamman in ka nuna masa cewa H₂O₂ ba ruwan sha ba ne, shi ne mai kumfar nan da ake wanke ciwo da shi.

Jadawalin sinadarai ma kada a ba su shi a gama. Rubuta ashirin na farko a katuna, kowanne da nauyinsa da halinsa, su jera da kansu, ka ɓoye kati ɗaya ko biyu. Idan suka bar gurbi suka yi hasashen mai shi, ka ba su labarin Mendeleev, ɗan Rasha, wanda ya yi haka a 1869: ya bar gurabe, ya faɗi siffofin masu zuwa, aka gano galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886, suka zo kusan yadda ya ce.

Mataki na biyar: mol, inda jaki ke kayar da kaya

A nan ne rabin aji ke yanke ƙauna, kuma dalili shi ne ana fara musu da 6.02 × 10²³. Fara da kasuwar goro. Ƙwarya ɗaya goro 100 ce, ko manya ne ko ƙanana. Ƙwaryar manya ta fi ta ƙanana nauyi, amma adadi ɗaya ne. In ka san nauyin ƙwarya guda, za ka iya sanin goro nawa ke cikin huhu ba tare da ka ƙirga ba, sikeli ya ƙirga maka. Mol ƙwaryar masu kemistiri ce, sai dai tasu ta ɗauki adadin da baki ba ya iya faɗa, saboda ƙanƙantar abin da ake ƙirgawa.

Sannan ka ɗora mol a tebur su gan shi: giram 12 na gawayi, giram 18 na ruwa, giram 56 na ƙusoshi, giram 58.5 na gishiri, giram 342 na sukari. Ruwan bai fi kurɓa guda ba, sukarin kuwa ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, amma ƙwarya ɗaya ce kowanne. Ka bar su a kan taga har ƙarshen zango.

Lissafin farko ya fito daga gona. Buhun takin yuriya an rubuta masa 46. Me ake nufi? CO(NH₂)₂ nauyin mol ɗinsa 60, naitirojin a ciki 28, ka raba ka samu kashi 46.7 cikin 100. Ke nan buhu mai kilo 50 na ɗauke da kusan kilo 23 na abin da masara ke nema. Su yi irin wannan da (NH₄)₂SO₄, za su samu kashi 21, su faɗa maka wanne ya fi riba in farashin buhu ɗaya ne. Ɗan manomi ba ya manta wannan. Na biyu daga siminti: a Ashaka da Kalambaina da Obajana dutsen farar ƙasa ake gasawa, CaCO₃ → CaO + CO₂, giram 100 ya ba da 56 da 44. Tan guda na tsantsar dutsen zai saki kilo 440 na CO₂, su lissafa lita nawa ke nan in kowane mol ya cika lita 22.4 a ma'aunin da aka saba.

Shawarata, ka jinkirta ba su dabarun gajerar hanya. Kowace tambaya a bi ta hanya ɗaya: mayar da abin da aka ba ka zuwa mol, duba rabon da ke cikin lissafin haɗuwa, sannan ka mayar da mol zuwa abin da aka tambaya.

Mataki na shida: firaktikal, tun daga aji ɗaya

Mugun al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a bar buret, dogon bututun awo mai famfo a ƙasa, a kabad sai saura mako biyu jarrabawa. Hannu ba ya koyon aiki a mako biyu. Tun suna aji ɗaya su fara da ruwa zalla: cika buret, korar kumfar iska daga bakinta, karanta ƙasan lanƙwasar ruwan ido na daidai da layin, sakin ɗigo guda cak. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji masu magana. A ɗakin nan dai kimar ido ba ta da maki.

Ga haɗin da zai ishi rukuni bakwai ko takwas. Auna giram 5.3 na busasshen Na₂CO₃, narkar da shi, ka cika zuwa lita ɗaya: 0.050 mol a lita ke nan. Asid kuma, HCl mai kauri na kwalba yakan kai wajen mol 11.6 a lita, don haka mil 8.6 cikin ruwa, a cika zuwa lita, zai ba ka kusan 0.1. Kai da kanka za ka yi wannan, ba ɗalibi ba, kuma kusa da taga.

A ɗauraye buret da asid ɗin, fifet da ruwan Na₂CO₃, kwalbar karɓa kuwa da tataccen ruwa kaɗai. Tambaye su dalilin bambancin, kada ka faɗa musu. A cire mazurari daga kan buret kafin a karanta. A ɗebi mil 25 da fifet, kada a hura ɗigon da ya maƙale a bakinta, an riga an yi lissafinsa. Ɗigo biyu ko uku na metil oranj, manuni irin zobon nan, sun isa. Mai zuba rabin kwalba launi zai rikita masa. Farar takarda a ƙarƙashi, hagu a kan famfon buret, dama na juya kwalba. Ruwan zai fara da rawaya, a tsaya da zarar ya koma ruwan goro. In ya yi ja an zarce. Zagayen farko na leƙen hanya ne, sai a yi biyu ko uku a natse, a rubuta da lamba biyu bayan ɗigo, a ɗauki matsakaicin waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 ba.

A ce matsakaicin ya zo 24.60. Mol na Na₂CO₃ a kwalba: 0.050 × 25 ÷ 1000, wato 0.00125. Lissafin haɗuwa ya ce kowane guda na cin HCl biyu, ke nan 0.00250. A raba da lita 0.02460, a samu 0.102, kaurin asid ɗin ke nan na mol a lita. Bayan sun yi haka sau uku sai ka nuna musu gajeren tsarin da ke littafi, za su gane shi a matsayin tsohon sani.

Gano abin da ke cikin samfuri kuwa ba ya buƙatar kwalaben gwaji ɗari. Zana akwatuna a takarda, saka ta cikin farar leda, a yi gwajin da ɗigo-ɗigo a kanta, a goge da an gama. Cibiyar RADMASTE ta Jami'ar Wits a Afirka ta Kudu ta daɗe tana yaɗa irin wannan ƙaramin gwaji tare da UNESCO, don makarantu irin namu. Ɗigon NaOH a kan Cu²⁺ ya ba da guda-guda mai shuɗi-shuɗi, a kan Fe²⁺ kore mai datti, a kan Fe³⁺ ja-ja ruwan tsatsa. Masu fari su ne masu rikici: Zn²⁺ da Pb²⁺ da Al³⁺ duk suna narkewa in an ƙara NaOH, amma a ruwan amoniya mai yawa zinki ne kaɗai ke narkewa. Koya musu raba abin da suka gani da abin da suka fahimta, kowanne a gidansa. Nan ake zubar da maki kyauta, kuma rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa ya cancanci ka karanta shi kowace shekara. Ranar gwajin dalma, wato Pb²⁺, ka tsaya ka ba su labarin Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari a cikin gida. Ragowar ruwan dalma a tara shi a kwalba guda mai suna, kada ya bi kwata.

Darussa biyu masu taurin kai

Musayar elektiron ka kai ta marina. A Ƙofar Mata a Kano, da duk garin da ke da karofi, zane na fitowa daga ramin baba da toka yana kore-kore, ya sha iska ya rikiɗe shuɗi a gaban mai kallo. A cikin rami shunin ya karɓi elektiron ya zama mai narkewa har ya ratsa zare. A waje oksijin ya ƙwace su, ya koma mara narkewa ya maƙale. In tafiyar ba za ta yiwu ba, ƙusa uku a kwalba uku sun wadatar: ɗaya a ruwa da iska, ɗaya a tafasasshen ruwa da aka rufe da mai, ɗaya a busasshiyar kwalba a toshe. Mako guda za su ba da amsa.

Daidaiton haɗuwa mai kai da komowa kuma, yara na ɗauka komai ya tsaya ne. Nuna musu ƙofar kasuwa da rana tsaka: masu shiga da masu fita sun yi daidai, yawan mutanen ciki bai sauya ba, amma babu wanda ke tsaye. Daga nan ka wuce zuwa N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, da zafin wajen digiri 450 da matsin iska mai tsanani da ƙarfe mai hanzarta aiki, wanda shi ne tushen yuriyar da suka lissafa a baya.

Idan kwaleji ko jami'a kake

Ɗakin lacca mai ɗaruruwan 'yan shekarar farko wata duniya ce, amma cutar ɗaya ce, ta ma ƙara tsufa. Kada sakamakon da suka shigo da shi ya ruɗe ka. Ranar farko ka ba su tambayoyi goma marasa lissafi, babu suna babu maki. Misali: idan ruwa na tafasa, me ke cikin kumfar da ke tasowa, iskar ɗaki, ko haidirojin da oksijin, ko tururin ruwa, ko babu komai? Idan ƙusa ta yi tsatsa, nauyinta ƙaruwa yake ko raguwa? Amsoshin za su gaya maka inda za ka fara.

Akwai dabarar da Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, ya fara amfani da ita a farkon shekarun 1990, kuma ba ta cin ko sisi. Kowane ɗalibi ya naɗe takarda mai A, B, C, D. Ka yi bayani na minti goma, ka jefa tambaya irin ta sama, kowa ya ɗaga amsarsa lokaci ɗaya. In kusan duka sun samu, wuce. In sun rabu, kada ka faɗi amsa. Ka ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda suka saɓa, ya shawo kansa cikin minti biyu, da kowane harshe ya ga dama. Ɗakin zai kaure kamar tasha. A sake ɗagawa, sau da yawa za ka ga amsar gaskiya ta rinjaya, domin wanda ya gane yanzu-yanzu ya fi ka tuna inda abin ke da wuya.

Wayoyin da ke hannunsu ma su yi aiki. Manhajojin PhET na Jami'ar Colorado, waɗanda Carl Wieman ya assasa a 2002, kyauta ne, ana sauke su a yi amfani da su babu intanet. Akwai na gina atam, na siffar molakul, na daidaita lissafi. Ka ba da tambayoyin da za a amsa da su, in ba haka ba wasa za a yi.

A kemistirin sinadaran kabon, hana su haddar haɗuwa ɗaya-ɗaya. Kibiya mai lanƙwasa kullum daga inda elektiron suka yi yawa take tashi zuwa inda suka yi ƙaranci. Wanda ya riƙe wannan zai iya hasashen haɗuwar da bai taɓa gani ba. Aikin zango kuma su dafa sabulu da man gyada ko manja, su lissafa sodar da ake buƙata kafin su kunna wuta, su kwatanta da sabulun salo da ake yi da ruwan toka.

Ɗaliban kwalejin ilimi, da yake gobe su ne a gaban allo, kowanne ya haɗa akwatin gwajinsa daga kayan kasuwa, ya koyar da darasi guda da shi a gaban 'yan'uwansa, a ba shi maki a kan tambayoyin da ya yi wa aji fiye da bayanin da ya zuba. Satar rahoton gwaji kuwa maganinta na hannunka. Haɗa asid kala huɗu masu kauri daban-daban, 0.08 da 0.09 da 0.11 da 0.12, ka zuba a kwalabe masu lamba, ka rubuta sirrin a littafinka. Kuma babu mai taɓa buret sai ya nuna maka a bakin ƙofa, a rubuce, ƙiyasin mil nawa yake sa ran asid mai 0.10 zai ci, da yadda ya samo shi.